Rufin ɗakin gilashinmu ya yi kore: wane buroshi, wane sabulu?

Maman Ilham, Luton:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ɗakin gilashi a bayan gida, shawara nake nema. Gidan da muka koma yana da shi, a nan yara suke karatu da yamma, a nan nake shanya in ana ruwa. To rufin ya yi kore shar, musamman gefen da ke kallon katangar maƙwabta. Ga kashin tattabaru, ga wani baƙi-baƙi da ya bi layin farar robar da ke riƙe da rufin. Da rana tsaka ma sai mun kunna fitila. Baban Ilham ya ce ranar Asabar zai aro injin feshin ruwa irin na masu wankin mota, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wane buroshi ake saya, kuma da wane sabulu ake wankewa?

Alhajin Leeds:
Wa alaikumus salam. Hajiya, abin bai kai ga sayen kaya ba. Ki samu bilic ki zuba a bokitin ruwa, a ɗaura buroshin wankin tsakar gida a doguwar sanda, a dirje a ɗauraye. Haka nake yi wa nawa tun da na sayi gidan nan, kuma fes yake.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, kafin komai a ce wa maigida ya dakata da maganar injin nan. Wannan sana'ata ce, da ita nake ciyar da iyalina, kuma na ga abin da injin yake yi. Ƙarfin ruwansa yana kutsawa ƙarƙashin baƙar robar da ke bakin kowane falle, ya ɗaga ta, daga nan sai yoyo. In gilashi mai ninki biyu ne, yana iya raunana liƙin da ke tsakaninsu, tururi ya shiga, ki ga hazo a ciki wanda babu mai iya gogewa sai an canza fallen ɗungurungum. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Sannan ki amsa mini tambaya ɗaya, don duk shawarar da za a ba ki a kanta za ta hau: rufin gilashi ne ko roba? Ki tsaya a ciki ki ɗaga kai. In kin ga layuka a jere cikin fallen, tun daga sama har ƙasa, kuma in ana ruwa yana ƙara har ba ku jin maganar juna, to roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonet. In kuwa kina hango gajimare tangaran, gilashi ne.

Maman Ilham, Luton:
Mai layukan ne Malam, launinsa fari-fari irin na madara. Ƙara kam ba a magana, in ana ruwa sai dai mu tashi mu koma falo.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Madalla, polikabonet ne. Shi ne mafi yawa a gidajen da aka yi wa ɗakin nan shekarun baya, akwai mai kaurin milimita 16, akwai 25, akwai 35. Yana da ƙarfin jure duka, ƙanƙara ba ta cika fasa shi ba, amma fuskarsa tana da laushi ƙwarai, abu kaɗan ke karce ta. Kuma a fuskar da ke kallon sama akwai wani siririn shafe da aka yi masa tun daga masana'anta don ya kare shi daga zafin hasken rana. In aka dirje wannan shafen ya tafi, fallen zai fara komawa rawaya, ya bushe, ya riƙa tsagewa. Ba a gyara wannan. Saboda haka, Alhaji ka yi haƙuri, buroshin tsakar gida ba zai hau shi ba.

Abin da za ki nema shi ne buroshi mai gashi mai laushi wanda aka farfasa bakin kowane sili ya zama burzu-burzu. Irin wanda ake sayarwa don wanke manyan motoci da motocin yawon shaƙatawa masu ɗakin kwana a ciki ya yi daidai. Ki gwada shi a bayan hannunki a shago. In ya soke ki, ki ajiye. Ki duba kuma gefen kan buroshin yana da roba a zagaye, don kada ƙashinsa ya riƙa bugun rufin. Sandar ta zama mai zugewa, wadda ake jona mata tiyo ruwa ya fito ta cikin gashin, kuma in da hali mai lanƙwasasshen wuya, domin daga ƙasa za a tsaya, wuyan ne zai sa gashin ya kwanta a kan rufin maimakon ya taɓa shi da gefe.

Sabulu kuwa na ruwa na wanke-wanke ya isa, ɗan kaɗan cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Amma abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne jiƙo. A fara sakin ruwa daga tiyo a hankali ya kwashe ƙasa da tsakuwa, a bar kashin tsuntsu ya jiƙu ya yi laushi da kansa, sannan buroshi ya hau. A bi layukan daga sama zuwa ƙasa, kada a riƙa zagaye. A ɗauraye kafin sabulu ya bushe. Kuma a zaɓi ranar da gari ya lumshe, don in rana ta buɗe sabulun yana bushewa kafin a kai ƙarshen falle, ya bar zane.

Ɗan Zongo, Croydon:
Maganar jiƙon nan gaskiya ce. Kun tuna Maris na 2022 da ƙurar Sahara ta sauko kudancin Ingila, aka wayi gari motoci duk sun yi ja? Maƙwabcina ya ɗauki busasshen tsumma ya hau goge nasa rufin da tagogi a ranar. Gilashin tagogin ya tsira, amma robar rufin har yau in rana ta haska sai ka ga zane-zane. Ƙurar nan yashi ne a cikinta. Mu da muka tashi da hunturu mun san ba a goge gilashin mota da ƙura a bushe, to daidai da wannan ne.

Alhajin Leeds:
Malam Bakatsine, na ji bayaninka kuma na yarda da maganar injin. Amma sabulun wanke-wanke ba ya kashe gansakuka. Za ka wanke yau, kafin shekara ta zagayo ta dawo. Ni abin da idona ya gani nake faɗa, bilic yana kashe ta har saiwa, kuma rufina bai taɓa yin komai ba.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Ranka ya daɗe, naka gilashi ne ko roba?

Alhajin Leeds:
Gilashi ne.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
To ka ga shi ya sa. Gilashi yana jure abin da roba ba za ta jure ba. Nata daban, naka daban.

Malamar kimiyya, Birmingham:
Salamu alaikum. Bari in sa baki, don maganar Alhaji tana da gefen gaskiya, bai kamata a ture ta gaba ɗaya ba. Bilic yana kashe gansakuka, babu musu. Kuma in an tsarma shi sosai, ba shi ne babban abokin gabar polikabonet ba. Manyan abokan gabarsa uku ne. Amoniya, wadda take cikin wasu magungunan fesa wa tagogi. Sai duk wani abu mai narkar da fenti ko maiƙo, irin su asiton na goge farce, fetur da tina. Sai magunguna masu soda mai ƙarfi, irin na wanke murhu da wanda masu wankin manyan motoci suke fesawa don cire dauɗar titi. Waɗannan suna shiga jikin robar ne su raunana ta, musamman wuraren da aka matse ta da ƙarfe. Ba lallai a ga komai a ranar ba. Bayan wani lokaci sai ƙananan tsaga su bayyana birjik, a rasa daga ina suka zo.

Damuwata da bilic ta wani gefen ce. Shi kansa yana da ɗan soda a ciki, don haka yawan maimaita shi a kan roba ba alheri ba ne. Yana cin alminiyom a inda fenti ya kankare, kuma sandunan da ke riƙe da rufin nan galibi alminiyom ne a ƙarƙashin murfin roba. Yana ƙona ciyawa da furannin da ke gindin ɗakin. Sannan mai wankin yana ƙasa, rufin yana sama, duk abin da ya fantsamo fuskarsa zai nufa. Alhaji, in dai za ka ci gaba da shi a gilashinka, don Allah ka sa tabarau na kariya da safar hannu.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa a zauren nan: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko da maganin wanke bayi mai asid. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, mai ƙona huhu. Haɗa shi da amoniya ma yana fitar da wata iskar mai guba. Mun saba a gida da haɗa wannan da wancan don wanki ya fi fita, to a nan kada a gwada.

Alhajin Leeds:
Na gode Malama. Tabarau zan saya. Amma tambayata tana nan: wanda bai yi amfani da bilic ba, da me zai hana koren dawowa?

Malamar kimiyya, Birmingham:
Akwai magungunan kashe gansakuka da ake fesawa a bari ba tare da an ɗauraye ba, irin su Patio Magic da Wet & Forget. Sinadarin da ke aiki a cikinsu sunansa benzalkoniyom kulorayid. Ana fesa shi a busasshen wuri ranar da ba a sa ran ruwan sama, sai ya yi aikinsa a hankali cikin kwanaki ko makonni, kuma yana jinkirta dawowar koren. Sai dai shi ma dangin sinadaran da ke iya damun polikabonet ne in ya yi ƙarfi ko ya daɗe a kai. Don haka Maman Ilham, kada ki fesa ko wanne sai kin karanta jikin robar maganin kin ga an rubuta ya dace da irin rufinki, kuma ki bi ma'aunin tsarmawa yadda aka rubuta, kada a ƙara don a ga ya fi ci.

Hajiyar Slough:
Malama, ki ƙara musu da maganar kyanwa. Wata ƙawata aka fesa irin maganin nan a farfajiyarta, kyanwarsu ta taka tun bai bushe ba, ta zo ta lashe ƙafafunta. Washegari sai dalala, ta kasa cin abinci, harshenta duk gyambo. Sai da aka kwantar da ita wurin likitan dabbobi. Allah ya sa ta tashi, amma yaran gidan sun sha kuka. Kuma kun san kyanwowin unguwa, rufin ɗakin gilashi shi ne hanyarsu, ko ba naki ba ce ta maƙwabta za ta bi ta kai.

Malamar kimiyya, Birmingham:
Haka ne Hajiya, Allah ya saka da alheri. Sinadarin yana yi wa kyanwa illa sosai, kuma guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa. A gidaje da yawa a ƙasar nan, musamman sababbin unguwanni, bututun da ke kwashe ruwan rufi daban yake da na bayi da kicin. Na rufin ba ya zuwa matatar ruwa, kai tsaye yake tafiya rafi ko kogi. Duk abin da aka zuba a rufi can zai ƙare. Mai tara ruwan sama a tanki don ban ruwan lambu shi ma ya cire bututun tankin kafin a fara.

Maman Ilham, Luton:
Innalillahi, mu ma akwai wata baƙar kyanwa da ke kwana a kan namu kullum. Na fasa maganar magani. To amma Malam Bakatsine, na leƙa yanzu ta tagar ɗakin yara, akwai wani koren da nake ganin a cikin layukan yake, ba a sama ba. Shi fa?

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Wannan kam babu buroshin da zai kai gare shi, Hajiya, kuma kada wani ya karɓi kuɗinki ya ce zai fitar da shi da wanki. Layukan nan ramuka ne a cikin fallen. A bakinsu na ƙasa, wajen indararo, ana liƙa wani tef mai barin danshi ya fita amma ya hana ƙura da ƙwari shiga, sannan a rufe da murfin roba. In tef ɗin ya tsufa ko murfin ya zame, danshi da ƙura su shiga, gansakuka ta samu gida. Aikin masu haɗa rufin ne. Wani lokaci a sauke fallen a busa shi a sake tef, wani lokaci sai dai sabo. Injin da maigida yake son arowa yana cikin abubuwan da ke jawo wannan matsalar, don yana tura ruwa ta bakin ramukan.

Baƙin da kika ce ya bi farar roba kuma, akwai man goge uPVC, wato irin wannan farar robar, mai kauri da ake sayarwa, a shafa da tsumma mai laushi inda hannu ya kai. Amma a kiyaye kada ya taɓa fallen rufin, don yana da ɗan gari-gari a ciki mai karcewa. Wanda nasa firam ɗin launin katako ne ko toka-toka, wannan launin leda ce aka manna a sama, ruwa da sabulu kawai ake sa masa.

Ɗan Zongo, Croydon:
Ni tawa matsalar daban ce. Nawa gilashi ne, ina wankewa da buroshi mai laushin da sabulu, amma da ya bushe sai fararen ɗigo-ɗigo ko'ina. Sabulun ne?

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Ba sabulu ba ne ɗan uwa, ruwanku ne. Leƙa cikin butar dafa shayinka za ka ga farin abin da ya kama gindinta. Ruwan Landan da kewayenta, har da Luton da Slough, ta cikin duwatsun alli yake fitowa, yana ɗauke da alli narkakke. In ya bushe a gilashi ruwan ya tafi, allin ya zauna. Mu a Manchester mafi yawan ruwanmu daga tafkunan Lake District ake janyo shi, Thirlmere da Haweswater, ba shi da alli sosai. Su Malama a Birmingham nasu daga kwarin Elan na Wales yake zuwa tun 1904, shi ma haka. Shi ya sa abin da ya yi wa mutumin arewacin ƙasar nan aiki ba lallai ya yi maka ba.

Mu masu sana'ar tataccen ruwa muke amfani da shi, ba ma sa sabulu ma a yawancin aiki. Muna da ɗan ma'auni da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Na famfon Landan yakan haura 200. Namu bayan tacewa sifili muke nema, in ya wuce 10 mun san lokacin canza garin da ke cikin matatar, wanda ke tsotse allin, ya yi. Ruwa irin wannan in ka ɗauraye da shi sai ka bar shi ya bushe da kansa, babu ɗigo. Kai da wankinka bai wuce sau biyu a shekara ba, ba sai ka sayi babban inji ba. Akwai ƙaramar matata da ake jonawa tsakanin famfo da tiyo, ka yi wanki da ruwan famfo, ɗauraya ta ƙarshe kaɗai ka bi ta matatar don garin ya daɗe. Ruwan sama da aka tara aka tace shi ma ba shi da alli.

Malamar kimiyya, Birmingham:
Ɗan Zongo, ka duba takardun gidan kuma ko gilashinka mai wanke kansa ne. Kamfanin Pilkington na St Helens ya fito da irinsa a 2001 da sunan Activ, Saint-Gobain ma suna da nasu, Bioclean. Akwai shafe siriri na titaniyom dayoksayid a fuskarsa ta waje. Hasken rana yana sa shi ya ruɓar da dauɗa irin ta tsirrai da tsuntsaye, in ruwan sama ya zo sai ya bazu ya kwashe ta maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. In irinsa ne, kada reza ko soson ƙarfe ko man gogewa su kusance shi, haka duk wani abin fesawa mai silikon ko kakin sa sheƙi, don suna rufe shafen ya daina aiki. Kuma sunan kada ya ruɗi mutum, in ɗakin yana ƙarƙashin bishiya ko an daɗe ba a yi ruwa ba, sai an taimaka masa da ɗauraya.

Alhajin Leeds:
Tunda an zo maganar tiyo, a riƙa duba sanarwar kamfanin ruwa. A Agustan 2022 da aka yi fari, Yorkshire Water sun hana amfani da tiyo a gidaje, har da wanke tagogi da bango, kuma tarar tana iya kai fam 1,000. Thames Water ma sun hana a lokacin. Bokiti ne ba a hana ba.

Baban Ilham, Luton:
Assalamu alaikum jama'a, an turo mini duk bayananku, na gode ƙwarai. Na bar maganar injin. Amma can ƙololuwar rufin akwai wani ado mai tsini-tsini da ya yi baƙi, sanda ba za ta wanke shi da kyau ba. Na yi tunanin in shimfiɗa katako a kan sandunan rufin in hau a hankali.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Yaya, don girman Allah kada ka hau. Wannan ita ce maganar da ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. Rufin nan ba a yi shi don ɗaukar mutum ba, tsohon polikabonet kuma yana iya ɓallewa ba tare da wata alama ba, ƙasa kuwa tayil ne. Faɗowa daga sama tana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ma'aikata a Birtaniya, shi ya sa aka yi dokar aiki a bisa tun 2005, kuma ita ce ta sa yawancinmu muka ajiye tsani muka koma sanda. Mu da muke da tsani na musamman na irin ɗakin nan ma ba ma hawa sai babu makawa.

In akwai tagar bene a saman ɗakin, ka buɗe ta ka tsaya da ƙafafunka biyu a cikin ɗaki, ka miƙa sandar daga nan, za ka samu ƙololuwar cikin sauƙi. Akwai ƙaramin buroshi mai gashi ta kowane gefe da ake ɗaurawa don shiga tsakanin tsinin. In za ka sa tsani don kwashe ganye daga indararo, a bangon bulo za ka jingina shi, ba a jikin indararon roba ba, gindinsa ya nisanci bango da mita 1 ga kowane mita 4 na tsawo, wani kuma ya riƙe maka. Ka ɗaga kai ka duba wayoyin wuta kafin ka zuge sanda, don ta alminiyom da ta kabon duk suna ɗaukar lantarki.

Hajiyar Slough:
Gidan naku ne ko haya? In haya ne a sanar da mai gida a rubuce kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton koren cikin layukan, don kada gobe a ce ku kuka ɓata a riƙe muku kuɗin ajiya.

Maman Ilham, Luton:
Haya ne Hajiya. Yanzu zan ɗauki hoton in tura wa wakilin mai gidan, in tambaye shi kuma ko akwai takardar masu haɗa rufin. Malam Bakatsine, tsawon sanda nawa zai ishe mu? Daga bango zuwa bakin ɗakin bai fi mita 3 ba.

Bakatsine mai wankin tagogi, Manchester:
Mai kai mita 5 zuwa 6 ta isa, tunda za ku haɗa da tagar bene. Ta alminiyom ta fi araha amma in an zuge ta duka tana nauyi tana lilo, sai a riƙa hutawa. Ku fara da indararo, in ba haka ba ruwan wankin zai cika shi ya dawo muku ta bango. Inda rufin ya haɗu da bangon gida kuma akwai dalma a shimfiɗe, kada a danna buroshi a wurin, tana lanƙwasewa ta buɗe hanyar yoyo. In kun gama ku turo hoton bakin fallayen na ƙasa in duba muku murafan.